Harajin VAT Ga Wanda Bai Fara Ciniki Ba

Manomin da ke shirin kafa injin casar shinkafa a Zagga yakan kashe kuɗi da yawa tun bai sayar da ko mudu ɗaya ba. Siminti, da kwano, da janareta, da buhuna, kowanne in ya saya wajen kamfani, an ɗora masa harajin da ake kira VAT, watau naira 7 da rabi a kan kowace naira 100. A 1994 aka fara karɓarsa, a kan naira 5, aka ƙara a 2020.

Da can wannan kuɗi ya tafi ke nan, don shinkafa ba ta cikin kayan haraji. To, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta sa harajin kayan abinci ya zama sifili, ta kuma yarda a nemi harajin da aka biya kan injuna da kayan aiki. Amma fa sai mai rajista da lambar haraji. Akawunsa ya riƙa kai lissafi kowane wata, kada ya wuce ran 21 ga watan da ke biye, ko da ba a yi cinikin kwabo ba.

Abin da ke ka da mutane rasit ne. Takardar da ba ta nuna sunan mai saye da yawan harajin ba, banza ce. Wanda kuwa ya ƙetara Tsamiya ya yi sayayya a Segbana, harajin da ya biya can na Gwamnatin Benin ne, Nijeriya ba ta mayar masa.