Darasin Juma'a: Shirun Yaro Ba Kullum Ne Ladabi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yaranmu ne. Yawancinmu a nan Gwantu nema ne ya kawo mu, ko ya kawo iyayenmu: wani daga Kano, wani Katsina, wani Zariya, wani ma daga Maraɗi. Kakanni da gwaggonni, waɗanda su ne ke fara ganewa idan yaro ya canza, mun baro su a gida. A nan uba na kasuwa ko tasha tun asuba, uwa na fama da aikin gida, yaro ya dawo daga boko ya wuce Islamiyya. To, wa ke duba fuskarsa?

Na ɗaya: yaro ma yana shiga damuwa

Mukan ce, "Yaro me ya sani? Shi ke cefane ko shi ke biyan haya?" Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka tun wajen shekara 14 suke farawa. Kun ga ke nan, a ajin matasa mai ɗalibai 35, lissafin zai iya faɗawa kan biyar.

Kuma yaran wannan yanki sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ba mu manta da rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011 a Kafanchan da Zonkwa ba, haka ma hare-haren Yunin 2014 a nan ƙaramar hukumar Sanga. Wanda aka goya ana gudu a lokacin, yau saurayi ne ko budurwa. Tsoron nan bai tambayi addini ko ƙabila ba. Yana gidanmu, yana gidan maƙwabcinmu.

Na biyu: addini bai raina baƙin ciki ba

Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yakubu (AS), wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ganinsa ya tafi, kuma wannan bai rage masa imani ba. Hadisi ya inganta cewa ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga damuwa, sai Manzon Allah (SAW) ya lura, ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Tsuntsu fa. Mu kuwa yaro zai rasa aboki ko uwa, mu ce ya share hawaye ya je ɗebo ruwa.

Na uku: alamomin da za mu lura da su

Idan ɗayan waɗannan ya wuce mako biyu, a tsaya a duba:
1. Yaro mai surutu ya koma shiru, ya daina fita wasa.
2. Rashin barci, firgita da dare, ko fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa.
3. Ƙin cin abinci, ko ciwon kai da ciwon ciki da aka auna ba a ga komai ba.
4. Karatu ya ja baya, hadda ta zube, yana gudun makaranta.
5. Saurin fushi da faɗa. A samari sau da yawa damuwa da wannan fuskar take zuwa.
6. Shaye-shaye. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma tiramol da sholisho ba su ɓace ba, kuma wani yaron barci kawai yake nema da su.

Akwai alama ɗaya da ba a jira mata mako biyu: yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu. Kar a ce wai neman magana yake. Kar a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin feshi da na ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti a ranar.

Na huɗu: me za mu yi?

Mu fara da saurare. A zauna da yaro ba a gaban ƙannensa ba, a ce, "Na ga kwana biyu ba ka da walwala, me ke damunka?" Sai a yi shiru, a bar shi ya gama. Nasiha ta biyo baya.

Addu'a da ruƙya ta shari'a muna yin su, ba ma wasa da su. Amma Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma babu wanda zazzaɓin ɗansa zai yi tsanani ya ce tofi ya wadatar. A fara da babban asibitin Gwantu ko na Kafanchan. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne, mu daina wannan kalmar ma.

Duka da mari kuwa ba magani ba ne. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan horo a Rigasa, cikinsu har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawa iyayensu ne suka kai su da kansu, da niyyar gyara. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin mai wannan lalura.

Aikin wannan mako: kowane uba da kowace uwa su keɓe da kowane ɗa nasu, ko na minti 10 ne, har da almajiri da ɗan riƙo da ke hannunmu, don iyayensu na nesa. Malaman Islamiyya, wanda ya ga ɗalibi ya canza ya sanar da iyayensa a asirce, ba a gaban aji ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Amin.