Tambaya da Amsa: Na Rubuta Hikayar Wasa da Kaina, Ko Na Shiga Gonar Wani?

TAMBAYA: Sunana Nura, ɗalibin jami'a ne ni a Kano. Wani abokinmu da ya dawo daga karatu a Ingila ya koya mana wasan Dungeons & Dragons, yanzu ni nake jan ragamar wasan idan mun haɗu ƙarshen mako. Littattafan kamfanin da ke buga wasan suna da tsada, labaransu kuma duk na ƙasashen sanyi ne. Sai na zauna na rubuta tawa hikayar, wadda ta shafi wani gari mai ganuwa da dodo ya tare wa rijiya, na zana taswira, na ƙirƙiro dodanni daga tatsuniyoyin da kakata ta ba mu. Abokaina suna cewa in fitar da ita duniya ta gani. Amma wani ya ce mini wannan satar fasaha ce, kamfani zai iya maka ni a kotu, kuma wai abin da ba kamfani ya buga ba ba a ɗaukarsa wasa na gaskiya. Tun ranar jikina ya yi sanyi. Ina neman shawara.

AMSA: Ɗana Nura. Allah ya yi wa karatu albarka, ya ƙara wa kakarka lafiya idan tana raye, ya jiƙan ta idan ta riga mu. Na fahimci damuwarka kashi biyu ce: tsoron kada ka taɓa haƙƙin wani, da kuma shakkar ko aikinka yana da wata daraja. Kwantar da hankalinka. Ba ka saci komai ba, kuma abin da ka yi shi ne ainihin abin da wannan wasa ya rayu a kansa shekara hamsin.

Saboda masu karatu da ba su san wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, mayaƙi ko ɓarawo ko masanin sihiri. Mutum ɗaya, wato jagora, shi ke faɗin inda suke da abin da suka tarar, su kuma su faɗi abin da za su yi. Idan abin yana da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska ashirin, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Ba kuɗi ake zubawa ba, babu mai ci babu wanda aka ci. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, bugun farko kwafi 1,000 kacal.

Mu fara da maganar daraja, domin ita ce na ga ta fi ci maka rai. Wanda ya ce maka aikin 'yan wasa ba na gaskiya ba ne, da alama bai san tarihin abin da yake karewa ba. Shi kansa wasan daga teburin Arneson ya faro, inda yake jan abokansa cikin wata ƙasa da ya ƙirƙira mai suna Blackmoor. Shekara biyu da fitowar wasan, a 1976, wasu masoyansa a garin Decatur na jihar Illinois suka kafa ɗan kamfaninsu, Judges Guild, suka nemi izini suka riƙa buga taswirori da hikayoyi ga jagorori irinka.

Akwai littafin dodanni mai suna Fiend Folio da ya fito a 1981. Da yawan halittun da ke cikinsa masu karanta mujallar White Dwarf ta Ingila ne suka aiko da su ta gidan waya. Ɗaya daga cikin masu aikowar wani saurayi ne, Charles Stross, wanda daga baya ya zama sanannen marubuci. Halittar da ya ƙirƙiro yana matashi, githyanki, har yau tana cikin littattafan kamfanin, tana kuma cikin wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya yi tashe a 2023.

Ƙasar da ta fi kowace shahara a wasan, Forgotten Realms, wani ɗan Kanada ne ma'aikacin laburare, Ed Greenwood, ya fara tsara ta tun yana yaro don jin daɗin kansa. Kamfani ya saye ta daga hannunsa ya buga a 1987. Eberron kuma ta fito ne daga gasar da aka buɗe wa kowa a 2002, inda aka aiko da rubuce-rubuce sama da 11,000, Keith Baker ya yi nasara. To ka gani, abin da abokin naka yake kira na gaskiya, yawancinsa haɗin gida ne da ya yi farin jini.

Sai maganar kotu. A nan ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Kamfanin farko, TSR, ya yi suna wajen tsanani. Ya yi shari'a da kamfanin Mayfair Games kan ƙarin littattafan da suke bugawa, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya riƙa aika gargaɗi ga masoyan wasan da ke saka ayyukansu a intanet. Labarin wancan zamanin ne yake yawo har ya iso kunnenka. Amma TSR ya durƙushe, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, shi ma Wizards ɗin Hasbro ya saye shi a 1999, al'amura suka canja.

A shekarar 2000 Wizards of the Coast ya fitar da wani lasisi da ake kira OGL, tare da wani kundi mai suna SRD. Kundin ya ƙunshi ƙashin bayan dokokin wasan, lasisin kuma ya ce kowa na iya ɗaukarsu ya gina nasa a kai, ya sayar ma in ya so, ba tare da biyan ko sisi ba. A kan wannan izinin ne kamfanin Paizo ya gina wasan Pathfinder a 2009. A kansa ne kuma aka buga Nyambe a 2002, littafin Chris Dolunt da ya ɗauko duniyarsa daga al'adun Afirka. Ba kai ne na farko da ya gaji da dusar ƙanƙara ba.

A watan Janairun 2023 aka yi wata dambarwa da ya kamata ka sani. Wani daftari ya ɓulla da ke nuna kamfanin na shirin soke tsohon lasisin, ya kuma karɓi kashi 25 cikin ɗari na duk abin da mai bugawa ya samu sama da dala 750,000 a shekara. Jama'a suka yi ca, wasu suka janye kuɗin rajistarsu, ƙananan kamfanoni suka fara haɗa nasu lasisin. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya lashe amansa. A ranar 27 ga Janairu ya saki kundin SRD 5.1 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba nasa ba ne, ba kuma zai iya janye shi ba. A 2025 ya sake sakin SRD 5.2 na sababbin dokoki ta wannan hanyar.

Ma'anar wannan a gare ka, ɗana, ita ce duk abin da ke cikin kundin nan halal ne ka yi amfani da shi, ka canja, ka fassara zuwa Hausa ma idan kana da ƙarfi. Sharaɗin guda ɗaya ne, ka rubuta a littafinka cewa ka ɗauko daga can. A farkon kundin, wanda ake saukewa kyauta, an ba da ainihin kalmomin da za ka kwafa.

Inda za ka kiyaye shi ne abin da ba ya cikin kundin. Kada ka kwafo shafukan littattafan da ake sayarwa, kada ka ɗauki zanensu ko tambarinsu ka manna a bango, kada ka nuna kamar su suka ɗauki nauyinka. Biranensu da jarumansu masu suna ka bar musu abinsu. Hotunan da ka tsinta a intanet su ma suna da masu su. Zanenka na biro, ko na wani abokinka da ya iya, ya fi maka kwanciyar hankali.

Za ka ji ana ambaton wata kasuwa mai suna DMs Guild, da aka buɗe a 2016. A can an yarda ka yi amfani da Forgotten Realms da dodanninsu duka, a raba kuɗin ciniki biyu a ba ka rabi. Sai dai abin da ka saka can ba za ka iya sayar da shi a wani wuri ba, sauran marubutan kasuwar na da damar ginawa a kansa, kuma ba a karɓar sabuwar duniyar da mutum ya ƙirƙira da kansa. Ga mai son rubuta labari a ƙasar kamfani, wuri ne mai kyau. Ga kai mai garin kanka da ganuwarka, ban ba ka shawarar shiga can ba. Bi hanyar Creative Commons, ka saka aikin a DriveThruRPG ko itch.io, inda garin zai ci gaba da zama naka. Idan har za ka sa farashi, fara bincika yadda kuɗin zai iso hannunka a Najeriya kafin ka ɗora rai. Ni dai da za ka ji tawa, aikin farko ka ba da shi kyauta ko ka bar wa mai saukewa ya biya abin da ya ga dama. Abin da kake bukata yanzu mutanen da za su buga su faɗa maka gaskiya ne.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi batun kotu muhimmanci. Hikayar da ta yi armashi a hannunka ba lalle ta yi a hannun wani ba, domin rabinta tana cikin kanka. Kai ka san dalilin da ya sa dodo ya tare rijiya. Baƙon jagora takarda kawai yake gani.

Kuskuren da sababbin marubuta suka fi yi shi ne su rubuta abin kamar littafin labari: jarumai suka shiga gari, suka gaida sarki, suka sauka rijiya. To idan 'yan wasa suka ce ba za su je fada ba, kasuwa za su wuce su nemi mai sayar da guga fa? Ko suka ce za su yi ciniki da dodon? Kada ka rubuta abin da jarumai za su yi, wannan nasu ne. Rubuta halin da za su tarar. A ce akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin ƙofar gari. Layi uku sun ishe ta: abin da take so, wato a dawo mata da jikanta da ya sauka rijiya bai fito ba, abin da ta sani, wato akwai tsohuwar hanyar ruwa ta ƙarƙashin marina, abin da take ɓoyewa, wato ita ke kai wa dodon abinci da dare don kada ya taɓa yaron. Da waɗannan layukan duk inda 'yan wasa suka ɓullo, jagora yana da abin faɗi.

Sannan ka miƙa rubutun ga wani abokinka ya ja wasan, kai kuma ka zauna gefe ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya yana juya takarda, ko ya ɗago ya kalle ka, sa alama. Nan ne gyara yake. Sa wa ɗakunan taswira lamba, bayanin kowane ɗaki ya zama gajere yadda za a karanta da kallo ɗaya. Kada ka fara da shafi ɗari. Tun 2009 ake yin wata gasa ta shekara-shekara, One Page Dungeon Contest, inda dole hikaya da taswirarta su shiga shafi ɗaya. Sauke wasu daga cikinsu ka ga yadda ake taƙaita zance.

Game da abin da za ka ɗebo daga gida, tatsuniya fili ce mai faɗi: Gizo da wayonsa, Ƙoƙi, Botorami, kura mai kwaɗayi, babu wanda zai ce nasa ne shi kaɗai. Amma ka san jama'armu. Abin da ya shafi addini ka bar shi a gefe, kada ka mayar da shi abin jefa ƙwaya. Masarautu da gidajen sarauta da ke nan da ransu su ma ka sakaya, ka raɗa wa garinka da sarkinsa sunan da babu mai shi. Idan kuma za ka fitar da Turanci saboda baƙi, ka ajiye na Hausar kusa da shi, ka ƙara ɗan shafi da ke bayyana musu mene ne ganuwa, marina da zaure, don kada su zana maka gidan dutse mai dogon hasumiya a tsakiyar garin.

Idan ka kammala gyaran, aiko mana da kwafi mu gani. Allah ya ba da sa'a, ka gaida abokan wasan naka, har da mai tsoratarwar.