Ƙwayoyi masu son gishiri

Daga Lome ake kawo kifin teku har kasuwar Sokode da ta Dapaong. Hanya da nisa, ga zafi. Shi ya sa ake sa masa gishiri. Gishiri yana hana ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci yaɗuwa.

Amma a teku akwai ƙwayoyi masu son gishiri. Ba a ganinsu sai da madubin likita. A 1980 masana suka raɗa wa wani jinsinsu suna Halomonas. Wasu masu son gishirin kuma suna sa kifi jan tabo da wari.

In an aike ka sayen kifi, duba da kyau. Kada ka sayi mai danshi ko jan tabo.

Tambaya: Don me gishiri kaɗai bai isa ba?