LOKACIN SHUKA ALBASA MAI LAWASHI

Manoma, wannan mako za mu yi magana a kan albasa wadda a ke cirewa ɗanya a sayar da lawashinta. Yawancin hasarar da a ke yi a kanta daga kuskuren lokaci ta ke fitowa.

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da arewacin Amurka, raɓa ta kan daskare da dare ta zama ƙanƙara. Saboda haka manomi can ya kan riƙe ranar da ƙanƙaran nan ta saba ɗaukewa a garinsu, ya yi lissafin shuka da ita. Albasa ta kan jure ƙanƙara kaɗan, shi ya sa a Ingila a kan fara shuka ta tun watan Maris.

Mu nan ba mu da wannan ƙanƙara. Abin da za mu lura da shi biyu ne, ɗaukewar damina da shigowar zafin bazara. Tsakaninsu akwai ɗari, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma shi albasa ta fi so. Da shi mutanen Aliero da na Galmi su ke cin riba.

Kadan ka yi gaggawa ka zuba iri cikin Agusta, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke shi, wanda ya tsiro kuwa laima ta ruɓar da shi. In kuma ka yi nawa har Janairu ya wuce, zafi zai tarar da ita tana ƙarama, ta ɗaura kai tun lawashi bai cika ba, ga kuma 'yan ƙananan ƙwari masu tsotse ganye, waɗanda su ke yawaita da zafi.

To, ga yadda za ka yi:

1. Ka gyara fangali da ruɓaɓɓen taki da zarar ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba.
2. Ka nemi irin bana. Irin albasa in ya wuce shekara ba ya tsira sosai.
3. Kada ka binne shi fiye da rabin inci. Ka rufa da ciyawa, ka kwashe ta in ya tsiro, bayan kwana 7 zuwa 10.
4. Ka yi ban-ruwa safe da yamma, amma kada ruwa ya kwanta.
5. Bayan mako 8 zuwa 10 lawashi ya isa kasuwa. Wadda za a dasa don ƙwallo kuwa, a cire ta bayan mako 6 ko 7.

Kada ka zuba irinka duka rana ɗaya. Ka raba shi, kowane mako biyu ka shuka fangali guda har ƙarshen Disamba. Ɗanyen lawashi ba ya ajiyuwa, in ya taru maka gaba ɗaya sai yadda mai saye ya taya. Wanda ya yi kwantai kuwa a daka shi a yi gabu, a shanya don miya.

Da sanyin safiya a kan kama fara. Sai mako mai zuwa.