Wuƙar yanke ƙarfe a injin tana: ga masu sana'a da yaran shago

Duk wanda ya daɗe a gaban injin tana ya san ƙarar nan. Ana cikin yanke rodi sai injin ya fara kuka, ƙarfe ya ɗauki rawa, kafin a ankara ka ji ƙwas, wuƙa ta tafi. Kwanakin baya hakan ta faru a shagona. Yaron da ke koyon aiki a hannuna yana yanke shaf mai kaurin milimita 50, guntun wuƙar ya yi tsalle ya tsaga masa fata a ƙasan ido. Allah ya kiyaye idon. Da na duba, sai na tarar ya zuro wuƙar waje kusan tsawon yatsa, kuma yana yanka can nesa da cok. Ban yi masa faɗa ba, domin a wurin manya ya ga ana yin haka. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Wuƙar yankewa ta fi kowace wuƙa shan wahala a injin nan. Siririya ce, tana shiga rami mai zurfi, ƙarfe na kewaye da ita ta gefe uku, ɓawon da take fitarwa kuma ba shi da hanya sai ta kanta. Kuskuren da wuƙar fera za ta yafe maka, ita ba ta yafewa.

A fara da zaɓi. Yawancinmu tsofaffin injuna muke da su, irin su Colchester da Harrison da aka shigo da su na hannu, sun sha aiki, gaɓoɓinsu sun saki. A irin wannan injin ni wuƙar HSS nake zaɓa. Tana jure girgiza, idan ta dakushe ka wasa ta a giranda ka ci gaba. Ta kabayid mai bakin sauyawa tana da kyau ƙwarai, har bakinta na naɗe ɓawon ƙarfe ya zama bai kai faɗin ramin ba, ya fita salin alin. Amma tana son inji mai ƙarfi da gudu, girgiza kaɗan ke ɓantare ta, kuma kuɗinta ba wasa ba. Faɗi kuwa, milimita 2 ta ishe ni ga rodin da bai wuce milimita 25 ba, daga nan zuwa 50 sai in ɗauko mai 3. Wasu na ganin faffaɗa ta fi aminci, alhali yawan faɗi yawan nauyi ne a kan injin, kuma shi ke jawo rawa.

Inda nake so a tsaya a natsu shi ne tsayin baki. Dole bakin wuƙa ya zauna daidai tsakiyar ƙarfe. Idan ya yi sama, gaban wuƙar ne ke gugar ƙarfen, ba ta ci, sai mutum ya ƙara dannawa, zafi ya taru, can ta kafe lokaci guda. Idan ya yi ƙasa, ƙarfen na neman hawa kanta, ya fizgo ta ciki, ya karya. Gwajin ba shi da wuya. Kashe injin, ka sa siririyar rula ta ƙarfe tsakanin bakin wuƙa da rodin, ka matsa a hankali. In rular ta tsaya cak, ka dace. In kanta ya karkata ya yi baya, nesa da kai, wuƙa ta yi sama. In ya rusuno wajenka, ta yi ƙasa. Gyara da ƴan falle-fallen ƙarfe a ƙarƙashin mariƙin har sai ta miƙe. Ido kaɗai ba ya wannan aiki, na gwada shekaru, na yi asarar wuƙaƙe.

Sai miƙewa. Jingina gefen wuƙar da fuskar cok kafin ka ɗaure, don ta shiga a tsaye. Karkatacciyar wuƙa tun tana shiga take gugar bangon rami. Kada ka zuro ta fiye da rabin kaurin rodin da ɗan ƙari kaɗan. Yanka kusa da cok iyakar iyawa. Kulle keken injin, ka mayar da ƙaramin silaid baya ya zauna a kan gindinsa. Kuma idan santa ta baya na tokare da ƙarfen, janye ta kafin a kai ƙarshe, in ba haka ba ramin zai rufe ya matse wuƙar.

Gudu a rage. Da HSS a kan baƙin ƙarfe na yau da kullum, rodi mai milimita 50 ina juya shi tsakanin 120 zuwa 130 a minti. Amma rage gudun inji daban, jan hannu daban, kuma nan ne yara ke faɗawa. Tsoro ke sa su tura wuƙa kaɗan su tsaya, su sake turawa. Wannan taɓa-ka-janye shi ke haifar da kukan da suke tsoro. Hannu ya tafi bai ɗaya, ɓawo na fitowa yana naɗewa ba yankewa. A kan ƙarfen sitenles abin ya fi muni, domin wurin da aka goga ba a ci ba yana taurarewa nan take. Mai kuma ya riƙa ɗiga cikin ramin kansa, man yanka na gaskiya. Baƙin man mota da muke tsiyayewa saboda araha hayaƙi kawai yake tayarwa, ga dattin da ke cikinsa.

Idan ramin ya yi zurfi, fito ka ɗan gusa gefe ka faɗaɗa shi, ɓawo ya samu hanya. Idan aka ɗauke wuta kana tsaka da yanka, janye wuƙar kafin a tada janareto; kada injin ya tashi tana cikin rami. Da ka kusa tsakiya ka sassauta turawa. Ƙarfe mai nauyi ni ba na bari ya faɗi da kansa, ina barin milimita kaɗan, in kashe injin, in ƙarasa da zarto.

Ga masu shago, roƙona a kan yaran nan ne. Kada a bar su su tara hannu don cafke abin da ake yankewa. Mai rami a tsakiya, a sa sandar ƙarfe a cok ɗin baya ta shiga ramin, ya faɗa kanta. Ɓawo a janye shi da ƙugiya ko buroshi bayan injin ya tsaya, yana da kaifi kamar reza. Hannun riga a naɗe, kuma kada a tsaya daidai saitin wuƙa. Tabarau guda biyu na rataye yanzu a jikin injina, kuma yaron nan ba ya taɓa makunni sai ɗaya na fuskarsa.