Lifidi Da Awon Tufafi

Kun taɓa ganin ɗan lifidi ran hawan salla? Ga shi bisa doki, da shi da dokin duk an lulluɓe su da tufa mai kauri kamar katifa, ga kwalkwali a ka. Yau ado ne, amma a zamanin da kayan yaƙi ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi Kano. Sa'ad da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu da jama'arsa cikin 1805, da lifidi manyan baraden sarakunan Hausa ke fita daga. Daga baya baraden Gwandu su ma suka ɗauka.

Yadda ake yinsa kuwa, sai a sami ƙyalle biyu, a cusa auduga tsakaninsu, a bi da ɗinki layi layi. In kibiya ta zo, sai ta maƙale cikin audugar, ba ta kai ga fata ba. Amma fa wanda ke ciki yana shan wuya. Ga nauyi, har doki ba ya iya dogon gudu. Ga kuma zafi, wanda ya fi nauyin muni.

To, me ke kawo zafin nan? Ku tuna da randar gidanku. Ruwanta yana sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi. Haka jikin mutum yake. Zafinsa digiri 37 ne, ba ya son ya wuce nan. Da bazara, cikin watan Afrilu, zafin rana a Gwandu da Kalgo yakan wuce digiri 40. Sai jiki ya fid da gumi, gumin ya bushe, jiki ya yi sanyi. In tufa ta hana gumin bushewa, sai zafi ya taru ciki, mutum ya ji jiri, wani lokaci har ya faɗi sumamme.

Yaƙin dawaki ya wuce, amma wahalar ɗan lifidi tana nan. Cikin 2014, da cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Saliyo da Laberiya, likitoci suka riƙa rufe jikinsu ruf da rigar da ko ruwa ba ya ratsa ta. Da ƙyar mutum yakan yi sa'a guda cikinta, sai ya fito sharkaf. Ko nan gida ma, ku dubi manomin shinkafa a fadamar Kalgo ran feshin magani. An ce ya sa doguwar riga da safar hannu da takalmin roba. In zafi ya dame shi sai ya tuɓe su, maganin kuwa dafi ne, yana shiga ta fata.

Saboda haka masana suka ce lalle a riƙa auna tufa kafin a ba mutum ya sa, ko ta kariya ce, ko rigar ɗan ƙwallo. Awon nauyi ba wuya, sikeli ya isa. Awon gumi shi ne mai ban sha'awa. Suna da wani farantin ƙarfe mai ƙananan huji da yawa, kamar fatar mutum. Sai su ɗumama shi da lantarki har digiri 35, su ba shi ruwa ta ƙarƙashi, ya riƙa yin gumi, sa'an nan su shimfiɗa ƙyalle a kansa. In ƙyallen yana barin tururi ya wuce, farantin sai ya yi ta hucewa, ya ci lantarki da yawa. In ba ya bari, kaɗan zai ci. Watau lantarkin da aka ƙona shi ke tona asirin ƙyallen.

Duk da haka faranti ba ya magana. Don haka sukan sa mutum ya sa rigar ya yi gudu. Su auna nauyinsa kafin ya fara da bayan ya gama, gama in ya rage kilo ɗaya, ya zub da gumi wajen lita ɗaya ke nan. Su ƙirga bugun zuciyarsa, su kuma tambaye shi ko rigar tana manne masa, ko tana goge masa hamata.

Ku ma kuna iya gwadawa a aji. Ku samo gwangwani uku, Malam ya zuba musu ruwan zafi daidai wa daida. Ku ɗaure bakin ɗaya da ƙyallen auduga, na biyu da ƙyallen tsohuwar rigar ƙwallo, na uku da leda. Ku kifa madubi bisa kowanne, ku ƙirga ashirin, ku ɗaga ku duba. Wanne ya fi sa madubin ya yi raɓa? Wanne bai taɓa shi ba ko kaɗan? Ku rubuta amsa cikin littattafanku.