HUKUNCIN INSHORAR LAFIYA GA MATAR DA KE JIRAN TAKARDAR ZAMA A AMURKA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, lokacin da annobar korona ta shigo a 2020, tambaya ɗaya ta riƙa maimaituwa daga 'yan uwanmu mazauna Amurka. Mutum ya yi aure, ya kai matarsa can, an shigar mata da takardun neman zama, wato girin kad, ana jira. Sai ga annoba. Hukumar shige da fice ta rufe ofisoshinta ranar 18 ga Maris 2020, ba ta fara buɗewa ba sai 4 ga Yuni, jiran ya ƙara tsawo. Matar ba ta da inshorar lafiya, wata ma tana da juna biyu. Shi kuma mijin abu biyu ne suka ɗaure shi: ya ji malamai suna cewa inshora haramun ce, sannan yana tsoron kada zuwa asibiti ya ɓata mata takardu. To mu ɗauki abin dalla-dalla.

1. WA KE DA ALHAKIN MAGANIN MACE?

Wanda ya karanta littattafan fiƙihu zai tarar jamhurun malaman mazhabobi huɗu ba su sa kuɗin magani da ladan likita cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. A Mukhtasar Khalil ma, wanda muka tashi da shi a zaurukanmu, an ɗora wa miji ladan ungozoma, amma an cire magani da ƙaho. Sai dai tun a cikin Malikiyya an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa kuɗin likita da magani a kan miji yake. A wannan zamani kuwa, Shaikh Wahba Az-Zuhaili da wasu sun rinjayar da wajabcinsa, domin a da magani ba buƙata ce ta yau da kullum ba, yanzu kuwa ya kai matsayin ci da sha, wani lokacin ma ya fi su. Wannan shi ne abin da ya fi kwanta mini, don Allah Ya yi umarni a Suratun Nisa'i da a zauna da mata da kyautatawa, kuma babu kyautatawa a ce matarka tana nishi kai kana lissafin ko wajibi ne ko ba wajibi ba.

Ballantana ma wannan baiwar Allah. Kai ka raba ta da iyayenta da danginta. A gida da za ta kwanta ciwo, kafin ka juya, yayanta ya sayar da akuya, ƙanwar uwarta ta zo jinya. A can fa? Ba ta da kowa sai Allah sai kai. Wata ko Turancin da za ta faɗa wa likita inda ke mata ciwo ba ta da shi. Kuma kar ka manta, kai da hannunka ka sa hannu a takardar ɗaukar nauyi mai lamba I-864, ka yi wa gwamnati alkawarin za ka riƙe ta, bayan ka nuna samunka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar. A dokarsu ko saki ba ya sauke wannan nauyin. Ka ga alkawari biyu ke nan a wuyanka: na igiyar aure da na takarda. Musulmi kuwa ba ya wasa da alkawari, ko da wanda ba Musulmi ba ya ƙulla shi.

2. ME MALAMAI SUKA CE GAME DA INSHORA?

Mas'alar ba ta yau ba ce. Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya da ya rasu a 1252 bayan hijira, ya tattauna inshorar kayan da 'yan kasuwa ke ɗorawa a jiragen ruwa, kuma bai halatta ta ba. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1398 bayan hijira, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce, Shaikh Musɗafa Az-Zarƙa ya saɓa musu, ya ce halal ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma ta tafi a kan haramci a zamanta na Jidda a 1985.

Babban dalilinsu shi ne garari, wato ciniki cikin duhu. Kana biya duk wata, ba ka san ko za ka karɓi komai ba, kamfanin ma bai san nawa zai biya ba. Hadisi kuma ya inganta a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Amma waɗannan majalisu ba su rufe ƙofa ba. Sun halatta inshorar taimakon juna, wato takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, wanda musiba ta faɗa wa a ɗiba a agaza masa. Asalinta yana cikin yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙasa sukan haɗa abin da ya rage wuri guda su raba daidai. Kamfanin takaful na farko a Sudan aka kafa shi, a 1979.

To ga inda gizo ke saƙar: ɗan uwanmu da ke tuƙa tasi a Bronx, ina zai samu takaful na lafiya? A nan ne ƙa'idar da malamai suka kafa take aiki. Haramcin garari bai kai na riba ba, an hana shi ne don kare dukiya da kauce wa rigima, shi ya sa ake yafe shi idan buƙata ta matsa. Ibnu Taimiyya ya yi bayanin wannan, Imamun Nawawi ma haka. Ai muna sayen gida ba mu tona harsashinsa ba, muna sayen tunkiya mai ciki ba mu san me ke cikin ba. A Amurka kuwa kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman kan ci dubban daloli, bashin da mutum zai iya shekaru yana biya. Wanda ya guje wa garari ya faɗa katin bashi mai ruwa don biyan asibiti, wallahi gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Saboda haka abin da nake gani: wanda yake ƙasar da babu takaful, kuma asibiti ya fi ƙarfin aljihunsa, ya halatta ya yi wa iyalinsa inshorar lafiya gwargwadon buƙata. Idan ma ya tabbata rashinta zai hana ta magani, to barin ta haka sakaci ne da amana.

3. "AI NA DOGARA GA ALLAH"

Madalla. Amma Sayyidina Umar ya fi mu tawakkali, kuma da ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a daga Sarg. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Kuma abin lura, idan mutum zai yi jarumta, ya yi da jikinsa. Lafiyar 'yar mutane ba wurin gwada ƙarfin imani ba ne.

4. ƘOFOFIN DA SUKE BUƊE

Na farko, wurin aiki. Idan kamfaninku yana ba ma'aikata inshora, kana da kwana 30 daga ranar aure ka shigar da ita. Idan sun wuce, sai ka tsare lokacin rajistar shekara.

Na biyu, kasuwar inshora ta dokar 2010, wadda ake kira Obamacare. Da yawa sun ɗauka sai mai girin kad, alhali ba haka ba ne. Wadda ta shigar da takardun neman zama kuma aka amince da buƙatar mijinta, ko aka ba ta katin izinin aiki, tana cikin masu iya saye. Rajistar tarayya ta 2020 an yi ta ne daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Disamba, kuma wadda ta shigo ƙasar sabuwa tana da kwana 60 na musamman.

Na uku, Medicaid, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Dokar 1996 ta sa yawancin sababbin masu girin kad jiran shekara biyar, amma akwai ɓangaren gaggawa wanda wannan jiran bai shafa ba, kuma haihuwa tana ciki. Jihohi sun bambanta sosai, New York misali ta fi wasu sauƙi.

Na huɗu, ƙananan asibitocin unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, masu karɓar kuɗi daidai da samun mutum. Sannan tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa korar marar lafiya don ba shi da kuɗi. Sai dai fa ba kyauta ba ne, takardar biya za ta biyo ka har gida.

A yi hattara da 'yar inshorar baƙi mai araha. Galibi ba ta ɗaukar ciwon da aka shigo da shi, ba ta ɗaukar ciki. Kafin ka sa hannu ka tambaya: nawa zan fara biya daga aljihuna kafin kamfani ya sa nasa? Sanin wannan shi kansa yana rage gararin.

Batun tsoron ɓata takardu kuwa, ya samo asali ne daga dokar da ta fara aiki 24 ga Fabrairu 2020, wadda ta riƙa duba ko mai neman zama zai zame wa gwamnati kaya. Amma ita hukumar da kanta ta sanar a watan Maris 2020 cewa gwajin korona da maganinta ba sa cikin lissafin. Haka ma, a ƙarƙashin waccan dokar, ba a lissafa Medicaid na gaggawa, da na mai ciki, da rangwamen Obamacare ba. A 2020 dokar ta yi ta kai-komo a kotuna, don haka kafin a karɓi wani tallafi daban a tuntuɓi lauyan shige da fice, ba wani mai ba da labari a majalisa ba.

5. IYAKAR DA BA A TSALLAKAWA

Lalura ta buɗe ƙofar inshora, ba ta buɗe ƙofar ƙarya ba. Kada a rage albashi a fom don samun tallafi. Kada mace ta ari katin ƙawarta ta je asibiti da sunan wata. Ban da zunubin ha'inci, ana iya haɗa bayanan jininsu a fayil ɗaya, a ɗura wa wata abin da zai halaka ta, kuma idan asiri ya tonu, takardun da ake tattali su ne za su fara tashi. Duk abin da na faɗa ya shafi 'yar uwar da ita ce ta ɗauko mijinta. Ciyarwa ba ta hau kanta ba a shari'a, amma alkawarin da ta sa wa hannu ya hau.

Ku kuma shugabannin masallatanmu na can, ga aiki. Kuna da asusun kai gawa maƙabarta, me zai hana a yi na jinya? Kowane gida ya riƙa zuba wani abu duk wata, a tsara shi bisa dokar ƙasa, a riƙa tallafa wa sababbin zuwa. Wannan shi ne takaful ɗin da muke cewa babu, kuma ba zai faɗo daga sama ba.

Ɗan uwa, idan matarka tana tari, numfashinta yana sarƙewa, ka kai ta asibiti yanzu, ko da kati ko babu. Takarda idan ta ɓaci ana sake wata, rai kuwa ba a sake shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauƙaƙa wa masu jira. Wallahu a'alam.